Kujera Mai Akwati a Ɗakin Hantsi

Shekaranjiya aka yi suna a maƙwabtanmu, aka kawo kunun zaƙi cikin farin bokiti mai shuɗin baki. Matar da ta ɗauko shi ta dire shi a gabana, ta ɗaga murfin, murfin ya bugi gefen bokitin ya yi wata 'yar ƙara, ƙwal. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tsallake ƙafafun mata, na bar takalmina ɗaya a ƙofar ɗaki, na isa bayan rumbu na amayar da duk abin da na karya kumallo da shi. Mata suka bi ni da guɗa da dariya, wai amarya ta samu. Na bar su a kan haka, don gaskiyar ta fi wuyar faɗi.

A Wurno aka haife ni, a wani gida da ke gangaren tudu, inda in ka hau katanga kana hango fadama shimfiɗe har inda ido ya gaji. Babana malamin gona ne na En'e. Rabin wata yana gida, rabin wata yana bisa keke tsakanin Rabah da Goronyo da ƙauyukan bakin gulbi, yana duba irin shinkafa da na albasa. Gidan kuwa ba nasa ba ne sai a baki. Mai gidan ita ce Kaka, wadda ta haife shi, wadda shi yake kira Iya.

Kaka 'yar ƙaramar tsohuwa ce, busasshiya kamar kuɓewar rani, amma ban taɓa ganin mai tsantseni irin nata ba. In kaza ta sa baki kusa da butarta, sai ta zubar da ruwan ta ɗauraye butar sau uku. In yaro ya taka buzun sallarta da jiƙaƙƙiyar ƙafa, ranar buzun a rana zai yini. Ba ta cin abincin gidan biki sai ta san hannun da ya tuƙa. Ɗakinta kuwa tsohon ɗaki ne zagayayye mai jinkar ciyawa, wanda ta shiga tun tana amarya. Ƙofarsa sai ka sunkuya, ba taga ko ta shigar ɓera, bangon ya yi baƙi da hayaƙin shekaru. Da sanyi ya shigo sai gwiwoyinta su ƙage, tari ya tashi, ta hura wuta a tsakar ɗakin ta zauna cikin hayaƙi tana tari tana jan tasbaha. Tashi daga tabarma sai an kama ta. Ni ce mai kamawar, ina da shekara goma sha ɗaya lokacin.

A rangadinsa Baba ya sha ganin wani ɗaki a barikin Goronyo, gidan da Di'o yake sauka in ya zo yawon ƙasa. Ɗaki ne mai manyan tagogi ta gabas, inda Bature yake zama da safe rana na dukansa. Baba ya ƙudura a ransa sai ya yi wa uwarsa irinsa, ta rabu da hayaƙi ta riƙa shan hantsi a cikin inuwar rufi. Ginin ƙasa ba wuya, ga magina a unguwa. Tagogi da kayan zama ne suka fi ƙarfin albashin malamin En'e. Sai Allah ya sa damina ta kayar da rufin barikin, aka ce za a gina sabo, tsofaffin kayan kuma a yi gwanjonsu. Baba ya je ya kwaso abin da manya suka raina, a kan abin da bai kai kuɗin tunkiya ba.

Ina tuna ranar da kayan suka iso, bayan an gama yankan gero, bisa raƙumi ɗaya da jakuna uku. Unguwa ta fito kallo. Akwai katakon taga uku, rabin gilasansu sun fashe. Akwai tebur mai ƙafa uku da guntu, da doguwar kujerar kishingiɗa wadda saƙarta ta yage, da wani ɗan kabad da gara ta ci bayansa. Sai kuma wata kujera mai nauyi, mai hannuwa da majingina, ƙasanta a rufe kamar akwati. Baba ya ce wannan ba saye ya yi ba, sarkin bariki ne, wato mai tsaron gidan, ya ba shi gyara. Ya ce har da dariya ya ɗora masa ita a kan raƙumi, mutumin kirki.

Aka aika wa Kawu, ƙanen Innata, wanda yake aikin kafinta a Rabah. Ya zo da zartonsa da gudumarsa a cikin buhu, ya yi kwana goma sha biyu a gidanmu, ladansa tuwo da goro. Ba zan ɓoye maka ba, kwanakin nan suna cikin mafi daɗi da na yi a duniya, kuma wannan ma yana cikin abin da ke ci mini rai. Kawu ya kankare tsohon fenti da fasasshiyar kwalba, mu kuma muka bi da ganyen ɓaure mai kaushi muna gogewa har katakon ya yi fari. Ya yi wa tebur sabuwar ƙafa da icen maɗaci. Ya saƙe kujerar kishingiɗa da igiyar rama. Inda gilashi ya fashe ya buɗe garwar kananzir ya daddale ta ya toshe. Inna da maƙwabta suka yi daɓe da makuba suna waƙa, aka shafe bango da farar ƙasa. Wani baduku ya ɗinka matasai biyu na jar fata, muka cusa musu audugar rimi da muka tsinto da kanmu.

Kujera mai akwati ce ta tsayar da aiki. Mazauninta murfi ne mai ɗagawa. In ka ɗaga sai ka ga wani katako mai zagayayyen rami a tsaka. Ƙarƙashin ramin akwai farin bokiti mai shuɗin baki, da murfinsa, a baya kuma akwai 'yar ƙofa ta jawo shi. Kawu ya leƙa ta sama, ya zagaya ya leƙa ta baya, ya daɗe yana shafa gemu.

"Kai, Nasara!" in ji shi. "Malam, ka gane dabarar? Randa ta. Randar Bature. Shina zaune bisa ruwanai, rana ba ta taɓa su, ƙuda ba shi hwaɗawa. In ƙishirwa ta kama shi, shi ɗaga murhi shi sa moɗa ta ramin ga shi ɗebo."

Inna ta ce, "To ai sai ya tashi kahin shi ɗaga."

"Ke kuma! Tashi guda ya kai tahiya har gindin randa?"

Baba ya gyaɗa kai, ya ce lallai mutanen nan ba su son wahala. Kada ka yi masa dariya. Shekarunsa nawa yana aiki da Turawa, amma bai taɓa wuce baranda ba. Malamin En'e a bakin ƙofa yake cire takalmi ya durƙusa, ya faɗi abin da ya kawo shi ya koma. Ina zai san abin da ke cikin ƙuryar ɗakinsu?

Ni aka ba wankin bokitin. A gindinsa akwai wani abu da ya daskare, rawaya-rawaya mai duhu, ya yi zobe ya zagaye cikin. Inna ta duba ta ce kanwar ruwan rijiya ce, haka take kama kwano. Na sa toka, bai fita ba. Na sa yashi da soson dawa, ya rage kaɗan. Na matse lemun tsami na bar shi ya jiƙa, sannan na zauna a rana na bi sauran da farcena ina ɓamɓarewa, ina hurewa da baki. Da farcena, ka ji. Da na gama na ci ɗanwake da hannun nan. Katakon mai rami kuma yana da wani wari da ya ƙi fita, irin na baƙin maganin da ake yayyafawa a asibiti, da wani abu a ƙarƙashinsa mai kama da turken awaki. Dama da hagu na ramin katakon ya yi santsi ya yi duhu, wuri biyu, kamar an daɗe ana gugarsa. Kawu ya ce gwiwar hannun mai ɗiban ruwa ce. Na zuba man gyaɗa a tafina na shafe wuraren nan biyu har suka yi ƙyalli, ina jin daɗin aikina.

Da aka gama, Kaka ta ƙi shiga. Ta tsaya a tsakar gida dafe da kafaɗata, ta dubi tagogin nan uku, ta ce, "Wanga ɗaki dut idanu na. Ni ba ni kwana inda kowa ka kallona awa kayan kasuwa." Baba ya rataya asabari a kowace taga. Ta ce ɗakin yana warin baƙi. Aka yi turaren wuta kwana uku. Ta ce mutuwa ta san hanyar tsohon ɗakinta, kada ta zo ta yi ta nema. Baba ya hau kekensa ya tafi Rimawa da fuska kamar an yi masa rasuwa.

Kujerar ce ta shawo kanta. Wata safiya mai sanyi na lallashe ta ta zo ta ga aikin da na yi, ba don ta zauna ba. Ƙafafunta suka gaji, ta dafa hannun kujerar ta zauna bisa matashin jar fata. Hantsi ya shigo ta gilashi ya sauka daidai kan gwiwoyinta. Can da ta so tashi na miƙa mata hannu, sai ta ture shi, ta dafa hannuwan kujerar ta miƙe tsaye ita kaɗai. Shekara uku rabonta da tashi ba mai kamawa. Ta sake zama, ta sake tashi, ta dube ni ta ce, "Ja'ira, ki tahi ki kwaso min buzuna. Kuma kak ki hwaɗa ma ubanki ni nic ce."

Da Baba ya dawo ya same ta a ciki, sai ya fita zaure ya daɗe bai shigo ba.

Daga nan ɗakin hantsi ya zama zuciyar gidan. Tarin ya lafa. Tsofaffin unguwa suna zuwa da safe su jeru bisa tabarma suna ɓarar gyaɗa, ita tana bisa kujera kamar alƙali. Kowace safiya ni nake cika bokitin da ruwan rijiya in mayar ta 'yar ƙofar baya. Gaskiya ruwan yana yin sanyi a ciki. Da shi take sha, da shi take cika butar alwala, da shi ake dama mata fura. Baƙon da ta ga girmansa ne kawai take ɗaga wa murfi ta ɗebo masa da hannunta. Limamin unguwarmu ya sha. Ungozoma ta sha. Ni kuwa na sha ba adadi.

Shekara ta zagayo aka ɗauke ni makarantar kwana ta 'yan mata a birnin Sakkwato. Kaka ba ta so ba, amma ba ta hana ba. A makarantar akwai al'ada, ranar Asabar da safe ana tura 'yan ƙananan aji su share gidan Baturiyar da ke shugabancinmu. Sai a wata na uku layi ya zo kaina. Wata babbar ɗaliba ta miƙa mini tsintsiya ta nuna mini wani ɗan ɗaki da ke manne da ɗakin kwana. Na tura ƙofa. Ga kujerar Kaka. Ita ce sak, hannuwan, majinginar, akwatin. Kewar gida ta kama ni har idona ya kawo ruwa. Na ce a raina ashe Kawu ya yi gaskiya, bari in ga ko ruwan tata ya kai namu sanyi. Na ɗaga murfin.

Ba zan rubuta abin da na gani ba. Warin ne ya fara dukana, baƙin maganin nan da abin da ke ƙarƙashinsa, warin da na sani, wanda na shafe da man gyaɗa. Ina tsaye riƙe da murfin sai na ji motsi ta bayan bango. Wata 'yar ƙofa ta buɗe daga waje, haske ya shigo ta ƙasa, hannun wani mutum ya shigo ya jawo bokitin, ya turo wani wanda ba kome a ciki. Na saki murfin na yi ƙara. Babbar ɗalibar ta leƙo, ta ga fuskata, ta fashe da dariya.

"Baƙauya! Ba ki taɓa ganin bayan gidan Bature ba? Mai kwasa na, kullum da sahe shika zuwa."

Na fita bayan gidan na durƙusa gindin wata bishiya. Kwana biyu ko ruwa na kai baki sai ya dawo. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, a daidai wannan lokaci, hantsi ya fito a Wurno, kuma na san abin da Kaka take yi.

Sau uku na fara rubuta wa Baba takarda, sau uku na yaga. Da wane baki 'ya za ta gaya wa ubanta a kan me ya ɗora uwarsa? Na ce in na yi shiru, ba wanda zai sani har abada. Na ce kuma in na yi shiru, gobe ma za ta sha. Haka na yi ta juyawa har hutun bazara ya zo, na hau motar kasuwa na koma gida na rame kamar kara.

Na same ta bisa kujerar, ta yi ƙiba kaɗan, fuskarta ta yi haske. Baba yana rangadi. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "'Yar boko ta dawo! Dube ta awa zabuwar rani. Ba su ba ku tuwo can?" Ta miƙe da ƙarfinta, ta ɗaga murfi, ta zura moɗa ta ramin nan ta ɗebo, ta miƙo mini da hannunta, abin da take yi wa liman. Na karɓa. Na ga fuskata tana rawa a cikin ruwan. Na ce ina azumin nafila.

"Azumi da tahiya, cikin wagga rana? Wane malami yab ba ki wanga karatu?"

Kwana biyu ina zillewa. A rana ta uku da hantsi ta dama fura da kanta ta kira ni. Ta ce ta lura, tun da na zo ban sa kome nata a baki ba. Ta ce in boko ya koya mini ƙyamar tsofaffi ne in faɗa mata ta sani. Idonta ya cika da hawaye, ita da ban taɓa ganin kukanta ba. Na ɗauki ludayi na kai baki. Ko haɗiyewa ban yi ba, na fita da gudu na amayar a gindin bango, daidai ƙarƙashin tagar tsakiya. Inna ta biyo ni ta riƙe mini goshi tana tambaya, ciwo ne, mayu ne, mi aka yi miki a birni? Na gaya mata, da ƙaramar murya a zatona. Inna ta saki kaina ta toshe bakinta da gefen zane.

Na manta ɗakin duk idanu ne, kuma rabin tagar garwa ce.

"Ku shigo," in ji Kaka daga ciki.

Tana zaune ba ta motsa ba. Ta sa na maimaita a gabanta, tun daga tsintsiya har hannun mutumin. Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba.

"Da idonki kig gani?"

"Da idona, Kaka."

"Irin wagga? Ba mai kama da ita ba?"

"Irinta ta, har ƙohwar baya."

Ta dubi hannuwanta da ke bisa hannuwan kujerar, ta ɗaga su a hankali kamar ta dafa wuta. Ta so ta tashi ba tare da ta taɓa katakon ba, ta kasa. Ta miƙo mini hannu. Na kama ta na ɗaga, kamar da. Ta ce a kai ta bakin rijiya. A can ta tuɓe zanen da ta zauna da shi ta ce a ƙone, ta yi wanka, ta cika bakinta da toka ta cuccuɗa da yatsa har dasashinta ya yi jini. Ta tofar, ta sake cikawa. Daga bakin rijiya ba ta ko dubi ɗakin hantsi ba, ta sunkuya ta shige tsohon ɗakinta, inda aka tara ƙaiƙayi da tsofaffin tukwane.

Baba ya dawo washegari da la'asar. Inna ce ta tare shi a zaure. Na ji faɗuwar keken. Ya zo ƙofar tsohon ɗakin ya durƙusa a ƙasa da rigar aikinsa, ya ce, "Iya, ban sani ba. Wallahi ban sani ba." Ta ce daga ciki ta san bai sani ba, ya tashi kada ya ɓata riga. Sannan ta ce ya kira mata liman, tana da tambaya: sallar wata goma sha shida da ta yi da alwalar ruwan nan, yaya za ta yi da ita?

Liman ya zo ya zauna a ƙofa. Mutum ne mai sauƙi. Da ya ji labarin ya ɗan yi tari, don shi ma ya tuna. Amma ya yi mata bayani tsakani da Allah. Ya ce mazubi in an wanke shi har launi da wari da ɗanɗano sun gushe, ya tsarkaka. Ya ce yarinya ta wanke da toka da yashi, ruwan da aka zuba bayan nan mai tsarki ne, sallarta ta yi, ba ramuwa a kanta.

Kaka ta ce, "Allah shi gahwarta Malam, na ji. To bokitin na nan, an wanke. In sa a ɗebo maka?"

Liman ya dubi ƙasa. Ya ce hukunci dai shi ne ya faɗa.

"Na gode," in ji ta. "Ni zan rama."

Baba ya fitar da kujerar bayan gari ya fasa ta da gatari ya cinna mata wuta, har da matashin jar fata. Bokitin ya ƙi fasuwa, sai ya jefa shi cikin kududdufi. Bayan kwana takwas, ranar kasuwa, na ga wata mata tana sayar da kunu cikin farin bokiti mai shuɗin baki, gefensa ya lotsa kamar an sare shi da gatari. Mutane sun kewaye ta da ƙoƙuna. Har yau ban san ko shi ne ba. Shi kuwa sarkin bariki, Baba bai je masa ba. Ya ce in ya je, labarin zai zaga ƙasar Gobir da ta Sakkwato kafin ya dawo gida. Mutumin ya ci dariyarsa lafiya. Ina jin har ya mutu yana ba da labarin malamin gonar da ya ɗora masai bisa raƙumi yana godiya.

Kaka ta sa na tsinto mata 'ya'yan tsamiya, muka ƙirga ɗaya a madadin kowace rana, muka zuba a ƙoƙo. Kullum bayan sallolinta sai ta ƙara na yini biyu, wani lokaci uku, sannan ta ɗauke ƙwayoyinsu ta jefa a wuta. A ƙasa take yi, cikin duhu, da gwiwoyin nan. Baba ya roƙe ta ta koma ɗakin ko da tabarma ce kawai, an fitar da kome. Ta ce tagogin ma daga can suka fito. Damina ta sauka, jinkar ta riƙa ɗiga. Na koma makaranta ina jin tarinta a kunnena. Sanyi na shigowa aka aiko wani ɗan'uwanmu ya ɗauke ni, na iso an riga an kai ta. Ƙoƙon yana gefen buzunta, da sauran ƙwayoyi da ba su cika tafin hannu ba. Inna ta ce har safiyar ranar ta jefa ɗaya.

Yau shekara goma ke nan. An ce Turawa sun kusa tafiya, kuma ko'ina ka duba gwanjon kayansu ake yi. Malamai da 'yan kasuwa suna rububin gadaje da kabad-kabad da labule, kowa yana son ɗakinsa ya yi kama da nasu. Yanzu an waye, ba wanda zai sake irin kuskurenmu, har na ji wani babban ma'aikaci yana alfahari ya sa an yi masa bayan gida a cikin ɗakin kwana. Ni dai in na ga an sauke irin kayan nan a ƙofar wani, sai in tsallaka titi. Ba talaucin da ya sa muka saya nake ƙyama ba. Ina ƙyamar mutanen da suka zauna shekaru a ƙasarmu, suna yin abin nan a ɗaki wani ɗan Adam yana kwashewa, ba su taɓa barin ubana ya wuce baranda ba balle ya san mene ne mene. Ina ƙyamar wanda ya sani ya yi dariya. Wani lokaci kuma, in na dubi farcena, har da ni.

Ɗakin hantsi yana nan. Albasa ake shanyawa a ciki, an ce iska tana ratsa shi da kyau, ba ta ruɓewa.

Mutane sukan ce na yi daidai da na faɗa, wasu su ce da na rufe bakina da tsohuwa ta ƙara shekaru tana shan rana. Baba bai taɓa cewa ko ɗaya ba. Bai zage ni ba, bai hana a ci gaba da karatuna ba, shi yake raka ni har mota duk lokacin komawa. Abu ɗaya ne ya canza. Da can in ya dawo daga rangadi yakan shimfiɗa tabarma bayan la'asar, ya zaunar da ni kusa da shi, ya ce in gaya masa duk abin da na gani da abin da na ji ba ya nan, kada in rage kome. Na yi shekara shida ina zuwa hutu bayan wannan. Bai sake tambayata ba.